Tururuwar da Ta Mutu a Nonon Habi

Duk mai noman albasa a ƙasan madatsar Goronyo ya san Halliru Mai-ƙofa. Shekara talatin yana buɗe wa manoma ruwa yana rufewa, ga tambayar tsiya, har ana gudunsa a majalisa. In aka yi gardamar wace hanya ke shayar da wane fangali, ba ya ɓata bakinsa. Sai ya toshe hanya ɗaya da buhun yashi, ya jira kwana uku ya ga albasar wa za ta yi laushi. An sha zaginsa a kan haka, shi ko a jikinsa.

Tambaya ɗaya ce ta gagare shi. 'Ya'yansa biyu na fari sun rasu kafin yaye, ba sa girma, kullum gudawa mai maiƙo da zazzaɓi. Tsofaffi suka tatsi nonon matarsa Habi a ludayi, suka jefa tururuwa, ta mutu. Shi ke nan, aka ce mugun nono gare ta. Halliru ya faki ido ya gwada da madarar saniya, ita ma tururuwar ta mutu, amma wa zai saurare shi? Da aka haifi Zakiyya sai aka kai wa ƙanwar Habi a Tursa ta shayar, yarinya kuwa ta rayu, magana ta ƙara zama. Tun daga nan Habi ba ta ƙara ɗaukar jaririn kowa ba, kuma abin na cin Halliru a rai.

Zakiyya ta girma ta zama mai bincike a wani ɗakin gwaji a ƙasar waje. Da Sallar bara ta ɗebi jinin iyayenta ta tafi da shi. Ran nan da la'asar ta kira, yana bakin ruwa.

"Baba, cikin ƙwayoyin jiki akwai 'yan injuna masu ƙera abin da jiki ke ginuwa da shi. Akwai ƙwayar gado guda da ke kammala haɗa su. Ita muke sawa ta yi shiru."

"Da mi?"

"Da bairos, wata ƙwayar cuta. Mun cire mishi dafi, mun ɗora mishi saƙo."

"Cuta kunka aika? Mi an nan kuma?"

"Ai ita ta san ƙofar shiga, Baba. Kuma cikin faranti muke yi, ba jikin mutum ba. In ta kai saƙo, sai mu ga mi ka lalacewa."

Halliru ya kwashe da dariya. "Tau, buhun yashi na! Wanga aiki nau kunka sace. Mi yay yi laushi?"

Zakiyya ta ce injunan sun kasa kammaluwa, ƙwayoyin masu yin jini suka raunana, irin abin da ake gani ga yara masu ciwon yayyenta. Jinin da ta ɗiba kuma ya nuna shi da Habi kowa na ɗauke da ƙwayar nan guda mai rauni. Sai biyun sun haɗu a jikin ɗa ciwon ke fitowa. Ita Allah ya sa ba su haɗu ba.

"Nono hwa?"

"Babu ruwan nono, Baba."

Bai ko rufe ƙofar ruwan ba. Ya iske Habi tana tsince wake a faifai a tsakar gida, ya tsuguna ya faɗa mata duka, har da rabonsa a ciki. Ta dakata da tsintar, ta dube shi.

"Ke nan da ni na shayar da ɗiyata, ba abin da za shi same ta?"

Karo na farko a rayuwarsa Halliru ya so a ce bai san amsa ba. Ya ce, "Babu."

Habi ta share ido da gefen zane, ta ture faifan, ta shiga maƙwabta inda Adawiyya ta haihu shekaranjiya. Ta katanga ya ji muryarta tana cewa: "Miƙo min shi nan."