Ba Bawa Ne Ya Kada Sa'adu Ba

In kakar bana ta shigo, shekara goma sha ɗaya ke nan da ƙanena Sa'adu ya faɗi a filin kokowa bai sake tashi ba. Ana cewa lokaci yana sanyaya zuciya. Tawa dai ba ta sanyaya ba, sai ma ƙara tafasa da take yi tun bara, lokacin da na san abin da ya kashe shi.

Duk wanda ya kalli kokowa a ƙauyukan da ke tsakanin Kore Mairuwa da Gecheme a wancan zamani ya san Sa'adu. Ba shi da wani girman jiki, amma in ya kama ƙugun mutum, to sai dai a shirya kakkaɓe masa ƙasa a baya. Ni ce babbar yayarsa, ni na goya shi, don haka ko da makaɗa ke yi masa kirari, ni ɗan tsako nake ce masa har ya yi gemu. In ya ci buhun hatsi a fili, kafin ya iso gida ya rabar da rabi a hanya, matarsa tana faɗa yana dariya.

Sau biyu ya taɓa yanke jiki ya faɗi kafin wannan rana, duka biyun ana tsakiyar kokowa. Idanu su juye, jiki ya sake, can sai ya farfaɗo ya nemi ruwa kamar ba abin da ya faru. Baba Arzika, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ma tsohon ɗan kokowa ne kuma shi ke ɗaura wa Sa'adu layu, ya ce jifa ne daga abokan gaba. Aka ƙara guru a ƙugu, aka ƙara kambu a dantse, aka yi wankan magani. Autanmu Lawali, ɗan kasuwa a Dutsi, ya ce layun nan shirka ne, aljani ne ya shige shi, a yanke su a yi ruƙiyya. Suka yi ta jayayya har suka daina cin tuwo a akushi ɗaya. Kowa ya san sunan abin da ke damun Sa'adu, amma ba wanda ya ce a kai shi a auna ƙirjinsa.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, abokin karawarsa wani ne mai suna Bawa daga ƙauyen da ke gabas da mu. Bawa ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu, kamar yadda kowane ɗan kokowa yake yi tun kaka da kakanni. Suka daɗe suna sarƙe da juna, suka saki don su shaƙi iska, sai Sa'adu ya zube ba wanda ya taɓa shi. Ina can gefe cikin mata na ji ganga ta yi shiru. Baba Arzika ya hana kowa matsowa, wai ba a taɓa wanda aka jefa sai an karya abin. Yana turara hayaƙi a kansa, samari kuma sun bi Bawa da sanduna suna cewa a cikin ƙasar nan ya saka asiri. Ƙarti sun fi a ƙirga a filin, masu hannun da ke ɗaga mutum sama, amma ba ɗaya da ya san ana danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya.

Daga ranar Bawa bai sake shiga fili ba. Matan gidanmu suka daina sayen ko gishiri a hannun matarsa ranar kasuwa. Gidanmu ya sami maƙiyi mai suna da ƙauye, kuma hakan ya ishe shi bayani.

Sa'adu ya bar ɗa guda, Habibu, yana ɗan shekara uku a lokacin. Bara ana tsere a lakwal, wato makarantar boko, ya faɗi irin faɗuwar ubansa, Allah ya sa ya farfaɗo. Baba Arzika ya ce jifan Bawa ne ya bi jini. Ban tsaya gardama ba, na kama hannun yaron muka shiga mota sai Dosso, daga can aka tura mu Yamai. Likitan zuciya ya manna masa wayoyi a ƙirji ya auna bugunta. Ya ce mini bayan kowane bugu zuciya tana ɗan ɗaukar lokaci ta shirya wa na gaba, ta Habibu kuwa tana jinkiri fiye da ƙa'ida. Sunan abin a wurinsu ciwon dogon QT. Gudu mai tsanani, ko firgita, ko iyo, kan iya rikita bugun, mutum ya suma, wani ya tashi, wani ba ya tashi. Ya ce sau da yawa gado ne, sannan ya tambaye ni ko an taɓa yin mutuwar farat ɗaya a danginmu, ko wanda ya nutse a ruwa.

Na ba shi labarin Sa'adu. Na kuma tuna da wani baffanmu, wan Baba Arzika, wanda ya mutu yana saurayi a tabkin da ruwansa bai wuce ƙugu ba, aka ce doguwar ruwa ce ta ja shi. Likitan ya ce ba zai rantse a kan waɗanda ke kabari ba, amma a kawo masa sauran 'yan gidan ya auna. Ni kam na rantse, don na ga faɗuwar uba na ji ta ɗa.

Ciwon yana da magani, ƙwaya ce da ake sha kullum. Ga kuma magungunan da aka hana Habibu, har da wasu na zazzaɓin sauro, a ƙasar da ake sayen magani a faranti bisa kan mai talla. Wa zan tambaya? Rediyo na ta maganar hawan jini da ciwon suga, wannan ko sunan Hausa ba shi da shi. Na nemi masu irin damuwata har na gaji, sai wata mata daga Ɗan Kassari da muka haɗu a layin asibiti, 'yarta ke da shi. Muna kiran juna, in magani ya yanke a nan ta nemo a can. Ƙungiyar tamu ke nan kaf, mata biyu da waya.

Yanzu ga kaka ta matso, Baba Arzika ya fito da gurun Sa'adu, wai Habibu ya kai shiga filin yara ya tada sunan ubansa. Na ce ba zai shiga ba, kuma shi ma Baba Arzika a kai jikokinsa awo. Ya dube ni ya ce, "Hadiza, rufa muna asiri. In kinka ce ciwon gado na, wa za ya auri ɗiyan gidanga?" A nan na gane. Ba rashin sani ba ne yanzu. Jifa ba ya hana aure, ciwon gado yana hanawa, don haka gara a ci gaba da ɗora wa Bawa. Na ce masa, "Baba, kun rufe biyu da wannan asirin, ba za ku rufe mini na uku ba." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ina tambayar kaina me Sa'adu zai ce da ya ga yau. Zai yi dariyar samarin da ke ɗaukar kokowa a waya maimakon su kalla da ido. Amma na san bai taɓa yarda a ba wani kayen da bai yi ba, kuma ba zai sayi kirari da ran ɗansa ba. Shi ya sa na je na sami Bawa ranar kasuwa, yana sauke buhunan wake daga amalanken jaki, kansa duk furfura. Na gaya masa abin da likita ya ce. Sai ya ce, "Yaron shina shan maganin?" Na ce yana sha. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Amma Hajiya, cikin taro anka kore ni. Ki faɗe ta cikin taro."

To ga shi na faɗa, kowa ya ji. Ba Bawa ne ya kada Sa'adu ba, ba kuma aljani ba. Ƙarfinsa ya bi shi kabari, makaɗan da suka san kirarinsa sun tsufa, gurun kuwa yana ƙasan adakata, Baba Arzika ya yi fushinsa ya gama. Abin da ya rage na ƙanena a duniya yana bugawa a ƙirjin Habibu, da jinkirinsa da komai. Kowace safiya nakan miƙa masa ƙwayar da kofin ruwa, in tsaya a kansa har ya haɗiye, yana ƙunƙuni wai shi ba ɗan tsako ba ne.