Ranar da Na Hana a Auna Sabi'u

Salamu alaikum. Kun san ni a nan da barkwanci da hotunan tumatir, amma akwai maganar da na shekara kusan ashirin ina haɗiyewa. Yau zan amayar da ita.

Mu 'yan bakin kanal ne, tsakanin Kura da Bunkure. A ruwan nan muka yi wayo, a cikinsa muke dashen shinkafa. Tsargiya, wato fitsarin jini, ba ma sa ta a layin ciwo. In yaro ya ga jini, cewa ake ya fara zama namiji.

Zamanin da salula ta fara shigowa ƙauye, Dakta Habu, ɗan garinmu da ya daɗe a Ingila, ya zo da wata tsohuwar nas Baturiya. Su biyu suka kafa ƙungiya, 'yan Kano mazauna can suna haɗa taro da sisi ana sayo maganin tsargiya. Ba su zo da sikeli ba, sai wata doguwar sanda mai zane-zane. Ka jingina da ita, tsawonka ya nuna ƙwaya nawa za ka sha.

Ni na ɓata abin. A ƙofar gidan mai unguwa na ɗaga murya na ce, "A garin nan gawa kaɗai ake aunawa da kara. Kabarin wa za ku haƙa?" Aka tuntsire da dariya, layi ya watse. Ƙanina Sabi'u har ya cire hula ya jingina, na fizgo shi.

Dakta Habu bai yi fushi ba. Ya ce, "Isyaku, ni ma na yi fitsarin jinin nan. Sanda tana gidan mai unguwa, duk ranar da ka huce."

Ban huce ba. Baki ne da ni, kuma a lokacin ina jin daɗinsa.

Bayan shekara biyar, ana tsakiyar kakar tumatir, fitsari ya fara yi min zafi kamar barkono. Sai gudajin jini. Na sha jiƙe-jiƙe har na gaji. Wata Laraba ya tsaya cak, marata ta kumbura, ina birgima a gona ina salati. Sabi'u ya ɗora ni a babur. A asibiti aka sa min robar fitsari, aka tura mu birni.

Gwajin fitsari, gwajin jini, hoto, sai kuma wani hoton. Likita ya ce, "Malam, ƙwan tsutsar tsargiya ya lalata maka mafitsara, ƙoda ɗaya ta kumbura. Sai an yi aiki."

Na tsorata, wallahi. Amma da aka ba ni takarda, na sa hannu.

Muka sayar da injin ban ruwa, bai isa ba. Ragowar kuɗin, ƙungiyar nan ce ta cika. A lokacin Dakta Habu ya riga ya rasu, Baturiyar ma tsufa ya kwantar da ita, 'yarsa ce ke riƙe da aikin. Babu wanda ya tuna min abin da na yi. Da zagina suka yi da na fi samun sauƙi.

Wata biyu ina kwance. Sabi'u ke zubar min da jakar fitsari, shi ke goge min jiki, shi ke bin layin magani. Wata safiya nas ta gan shi ya fito daga banɗaki yana dafa bango. Ta miƙa masa kwalbar gwajin fitsari. Ya yi dariya ya ce, "Sista, ni rakiya na yi."

Nasa ciwon daji ne, tsargiyar ce ta jawo shi, kuma ya riga ya bazu.

Aka sallame ni, aka ba shi gadona.

Bai taɓa tayar min da zancen sandar ba. Abu ɗaya ya ce: "Yaya, ka kai min yaran a auna su." Wata huɗu ya yi, Allah Ya karɓi abinsa. Da hannuna na karyo karan dawa na auna shi.

Ni na warke, alhamdu lillahi, da ƙoda ɗaya nake noma. Allah Ya saka wa likitoci da nas-nas, da mutanen da ba su taɓa ganina ba suka cire daga guminsu. Allah Ya jiƙan Dakta Habu, Ya saka wa Baturiyar nan da alheri. Fentin sandarsu ya koɗe, amma duk shekara ana fito da ita, ni ke riƙe ta.

Don Allah, jini a fitsari ba balaga ba ne. Ko ɗigo ka gani, je asibiti. In an kawo magani, a ci abinci a sha, a ba yara. Masu baki irin nawa kuma, ku sani akwai mai jin maganarku.

Ranar jana'izar, kafin na miƙa wa masu haƙa karan, na biya gidan mai unguwa na jingina shi da sandar.

Da na bari an auna shi, ƙwaya huɗu Sabi'u zai sha.