Kukan da Rabi Ta Kai Maƙwabta

Duk wanda ya zauna Gyaɗi-Gyaɗi a shekarar da sojoji suka koma bariki ya san shagon Malam Lawan mai hayar littattafai. Ɗan akurki ne, mutum biyu ba sa juyawa a ciki, amma daga Tarauni har Darmanawa 'yan mata ke yo masa aike. Shi kuwa gogan bai taɓa karanta ko ɗaya ya kai ƙarshe ba. Da hannu yake gane littafi mai kasuwa: in ya dawo shafukan ƙarshe sun kumbura, to an sha kuka a kansa, sai ya ƙaro kwafi.

Da damina wani siririn littafi ya fito, labarin 'yar sakandare da uwarta ta rasu. Kai, littafin nan ya yi ɓarna! Wata amarya ta ƙona tuwo saboda shi. Wata ta dawo da shi ido jajur tana cewa, "Malam, Allah ya isa tsakanina da marubuciyar nan. Akwai na biyu?" Lawan sai murmushi, wai mata ba sa gajiya da neman abin kuka.

Alhali a gidansa akwai kukan da ba a yi ba. Matarsa Uwani ta rasu a farkon shekarar, ta bar masa 'ya ɗaya tilo, Rabi, mai shekara goma sha huɗu. Ranar da za a fita da gawa yarinyar ta ƙwalla ƙara, ya daka mata tsawa: "Kul! Addu'a take buƙata, ba kuka ba." Abin da ya taso yana ji ke nan, kuma don Allah ya faɗa. Rabi ta haɗiye. 'Yan gaisuwa suka yi ta yaba tawakkalinta, shi kuma yana jin daɗi.

Da ya kama ta da littafin nan a shago, fizge shi ya yi. "Ba naki ba ne wannan. So kike ki fama ciwonki?" Ta ce, "A'a, Baba," ta fita.

Maƙwabciyarsu Regina, tela ce Inyamura haifaffiyar Kano, wadda kowa ke kira Maman Somto, ita ma ta karɓi hayar littafin. Wata rana bayan la'asar Lawan ya biyo ta ƙofar shagonta, ya ji keken ɗinki shiru, sai shessheƙa. Ya leƙa ta gefen labule. Rabi ce kwance a cinyar matar, littafin a buɗe a ƙasa, tana kuka kamar ranar aka yi mutuwar, tana cewa, "Ni ma Innata haka ta ce in ɗora mata ruwan zafi, kafin ya tafasa..." Regina ba ta ce mata haƙuri ba. Bayanta kawai take shafawa tana cewa, "Yi abinki, 'yata, yi."

Lawan ya so ya yi sallama ya shiga. Labule ne kaɗai tsakaninsa da 'yarsa, kuma shi ma idonsa ya cika. Amma ina, namiji da gemunsa a shagon mata? Ya juya ya koma.

Da magariba ta shigo gida, ya ce, "Me ya sami idonki?"

"Hayaƙi ne, Baba."

"To, a riƙa kula."

Kaico, da a nan ya gyara! Tun daga ranar, ladabi dai Rabi ba ta rage masa ba, abinci a kan lokaci, wanki tsaf, amma duk abin da ya taɓa zuciyarta sai dai ya ji a bakin Regina.

Shekaru suka tafi, aurenta ya zo. Kowa ya san amarya kan riƙe ƙafar mahaifinta ta yi kuka har sai an ɓamɓare ta, kuma Lawan ya ƙudura a ransa in ta fara ba zai hana ta ba, tare za su yi. Aka kawo ta ta durƙusa, ya yi mata nasiha. Ta ɗago da busassun idanu ta ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Yana nan zaune a kan tabarma ya jiyo kukanta ya ɓarke a ƙofar gida, inda Maman Somto take tsaye.