Batiran da Baba Mamman Yake Shanyawa

Yusha'u, wanda muke kira Jinjiri har yau da furfura ta fito masa a gemu, bai taɓa ganin abu mai waya a ciki ya bar shi lafiya ba. Tun muna firamare a Babban Duhu yake farke rediyoyin mutane, kuma in za a faɗi gaskiya, waɗanda ya kashe sun fi waɗanda ya tayar. Da ya samu koyarwa a Safana sai ciwon ya ƙaru. Ran kasuwar Batsari kowa na cinikin hatsi, shi yana tsugune gaban 'yan gwangwan yana tonon matattun caja da fitilu.

Daga baya ya sayo wani ɗan allon lantarki a Katsina, bai kai tafin hannu ba, wai shi Aduwino. Ka rubuta masa umarni a kwamfuta, ya haddace, ya yi ta aikatawa. A waya ya koyi abin, daga bidiyon da rabin maganar ciki ba ya ganewa. Ni da nake abokinsa na ce masa aikin banza ne, makaho da waiwaye. Dariya kawai ya yi.

Mahaifinsa, Baba Mamman, shi ne ladanin unguwarmu tun kafin a haife mu. Bai taɓa ɗaura agogo ba, carar zakara ke tashinsa. Sai tsufa ya tafi da kunnuwansa. Sallolin rana ba su ba shi wahala ba, inuwa yake dubawa. Asuba ce ta gagara, ga shi tun rasuwar matarsa Inna shi kaɗai yake kwana, kuma ya rantse ba mai buga masa ƙofa kamar amarya. Ya yi ta makara har dattawa suka fara zancen a ba wani ladancin. Ba mugunta ba ce, salla ba ta jira. Amma duk wanda ya san tsohon ya san ranar da aka karɓe kiran nan an gama da shi. Liman ya ce a yi masa haƙuri zuwa azumi.

Jinjiri ya sa allon nan a gwangwanin alewa, ya ciro abin da ke sa waya rawa daga wata matacciya, ya ɗinke shi cikin matashin Baba, ya haɗa su da waya, ya umarci allon ya girgiza matashin da asuba. Manyan batira irin na rediyo ya sa masa. A Safana abin ya yi aiki tsaf. A ƙauye ma ranar farko ya tashi tsohon a kan kari. Daga nan sai ya haukace. Matashi ya kama rawa da hantsi, wata rana da la'asar ba kowa a kansa, da asuba kuma shiru.

Duk ƙarshen mako ya hau babur ya zo ya daidaita, ya koma, abin ya sake ɓaci. Ya canja wayoyi, ya sake narka dalma a kowace mahaɗa, ya zargi zafi, ya zargi tururuwa, ya goge umarnin ya sake rubutawa. Na ce ko a kira mai ruƙiya, bai yi dariya ba wannan karon. Sha'aban ya shigo, Jinjiri har ramewa ya yi, na ji tausayinsa ƙwarai.

Sai aka yi hutu ya kwana a gida. Da hantsi muna zaune muna shan koko, sai ga Baba ya fito da gwangwanin, ya zare batiran, ya jera su a kan turmin da aka kife a rana.

Jinjiri ya matsa kusa da kunnensa ya ɗaga murya. “Baba, mi ya sa ka cire su?”

“Ji yaro,” in ji tsohon. “Batir ai sai ya sha rana shi ka yin ƙarko. Rediyon nan tawa da ka kashe, haka nike mata.”

Ashe kullum aka zare su, allon mantawa yake da lokaci, ya fara ƙirga daga farko. Dukanmu haka muka taso muna ganin iyayenmu na shanya batir, amma ba wanda abin ya faɗo wa a rai.

Jinjiri bai yi gardama ba, ya san ba a raba tsoho da abin da ya saba. Katsina ya koma ya samo ɗan agogo mai nasa batirin, ƙarami kamar maɓallin riga, ya manne shi a ƙasan gwangwanin inda ido ba ya kai, don ko an zare manyan ya riƙe wa allon lokaci. Baba ya ci gaba da shanyarsa, yana gaya wa kowa shi ya gyara wa yaron na'urarsa.

Ranar ɗaya ga azumi ina hannu cikin kwanon sahur kiran ya taso. Muryar ta tsufa, tana hawa tana sauka ba bisa ƙa'ida ba, don mai ita ba ya jin kansa. Na aje lomar, hawaye suka zubo mini. Har Allah ya karɓi ran Baba ba a sake zancen sabon ladani ba. Jinjiri na nan Safana yana ƙona yatsu da dalma. Ni kuwa ina kewar kiran nan da mai yin sa bai ji ko kalma ɗaya ba, mu ne muka ji.