Kangon Sukotlan da Zauren Babanmu

Ana sallame sallar asuba muka bar Illo, ni da ƙanena da ya rako ni, da jakar yaji da daddawa ta 'yata da ta haihu a Sukotlan. Kafin mu ƙetare gadar Kwara ya sake tayar da maganar da ya shekara yana damuna da ita: tsohon zauren babanmu da rufinsa ya rufta, a rushe shi a gina shagunan shinkafa. Ni ce babba, ba a yi sai da yawuna. Ramukan hanya sun jijjiga ni, na gaji da naci, na ce ya rushe in an gama girbi, ai kango ne, ƙadangaru kaɗai ke morarsa.

Daga Birnin Kebbi sai Abuja, sai jirgi. Ban saki hannun kujera ba har muka sauka. Sanyin ƙasar kuwa, wallahi ko a cikin ɗaki da safa biyu nake sallah.

A sati na huɗu surukina ya ce zai fitar da mu shan iska. Hanyar ƙauyukansu siririya ce amma sumul, ga tumaki ko'ina an shafa musu fenti a gadon baya, babu makiyayi ko ɗaya. Muka tsaya shan shayi, da aka juya mini kuɗin kofi guda zuwa naira na ce a mayar, a kasuwar Lolo da ke kusa da mu sai ya sai mini tiyar shinkafa har da canji. 'Yata ta ce an riga an zuba, na shanye ina jin haushi.

Can bakin wani tafki na hango gini na dutse a kan tudu, dogo, ba rufi, tagogi a wangale, bango ya yi baƙi. Na ce gobara ce. A bakin ƙofa ga wata tsohuwa tana cire ciyawa. Na kama hannunta na shiga yi mata jaje, Allah ya mayar da alheri, na sa surukina ya tambaya ko an yi asarar rai. Yaron nan ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Da ya daure ya fassara, tsohuwa ta yi dariya har da hawaye. Wai rufin ya faɗi tun ba a haifi kakar kakarta ba. Kunya kamar in nutse.

Ita ta zagaya da mu. Wani sarkin dangi ne ya gina shi a zamanin yaƙe-yaƙe, don ya tsare mashigar tafkin. Aka yi ta ƙwace shi ana mayarwa, har igwa ta fasa gefe guda, masu gidan suka watse. Mutanen ƙauyen suka riƙa kwasar duwatsun suna gina shingen tumaki. Jikokinsu ne suka ce ya isa, suka kafa ƙungiya, kowane gida da ranar shararsa.

Muna nan sai ga 'yan biki, maza da zane iya gwiwa, wani yana busa algaita mai salka. A tsakiyar kangon nan, ana yayyafi, aka ɗaura aure! Tsohuwar ta ce nan 'yan makaranta ke zuwa jin tarihi, nan ake cin kasuwar bazara, nan ita ma aka kawo ta amarya. Na tsaya baki buɗe. Mutanen da ke da gidaje masu ɗumi, su zo ɗakin da ba rufi su yi babbar hidimarsu.

Sai ta tambaya ko muna da irinsa. Ban san sanda na hau ba ta labarin zauren ba: fataken goro da ke sauka a ciki tun zamanin kakanmu, da karatun da babanmu ke bayarwa bayan la'asar, da auren rabin unguwa da aka ɗaura a wurin, har da nawa. Ta ce, "To wa ke kula da shi yanzu?"

A mota na fara kiran ƙanena. Wayoyin Illo kuwa, in sun ga dama sabis ɗin ƙasar Benin suke kamawa. Kwana biyu ba ta shiga ba. Na aika saƙon murya na ce kada a taɓa ko tubali ɗaya. Amsar da ta dawo gajera ce: "To, Yaya. Sai kin zo." Tun daga nan hankalina bai kwanta ba.

Ranar da na dawo, motarmu ta shiga layinmu ba gargada, har na yaba wa wanda ya cike kwarin da ruwa ya ci. Ina sauka na ga fili fetal, an jera bulo. Ƙanena ya ce saƙona ya iso bayan kwana uku da gamawa. Na tambayi inda aka kai ƙasar zauren.

"Ita aka cike hanya da ita, Yaya. Kanta kuka biyo."

Ban yi masa faɗa ba, ni na ba da izini, a mota, don na gaji. Na tafi ƙasar wasu na yi jajen kangon da ke da masu shi, ashe gidanmu ne ke bukatar jajen. Har yau in zan fita, ta bayan gida nake zagayawa.