Katin Kawu Mai Fanka Uku

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce, amma ɓangaren mata kawai. A Kazaure akwai gidajen da namiji mai kyamara ba ya wuce soro, to nan nake shiga da tawa, in ɗauki sa lalle da kamu, in dawo gida in tace a kwamfuta. Kwamfutar ta tebur ce, tsohuwa mai baƙin akwati, wadda maigidana ya gaji da ita ya bar min. Muna zaman lafiya da ita har ranar da na sayi sabuwar kyamara, mai fito da ko zanen lallen yatsan amarya. Nan fa tsohuwa ta ce ba da ita ba. Sai amarya ta ɗaga hannu a allo ta daskare, in je in ɗora sanwa in dawo, hannun yana sama. Ni kuwa haƙuri bai ishe ni ba, na sha yi wa na'urar nan masifa kamar tana jina.

Ana cikin haka aka yi bikin 'yar Kawu, malamar asibiti, aka kai ta Babura. Kawu yayan mahaifiyata ne, ya yi ritaya daga aikin ƙaramar hukuma ya koma Roni yana fama da shanunsa. Amaryar ita ce 'yarsa ta fari, kuma tun da aka haife ta ba wanda ya taɓa jin sunanta a bakinsa, sai dai "yarinyar nan". Ranar kamu ma ya hau babur ya tafi kasuwar Gwiwa, wai akwai igiyar da yake nema. Bai ga komai na bikin ba.

Bayan biki sai ga Kawu a gidana, mutumin da sai salla-salla muke ganinsa. Ya zo Talata, ya dawo Juma'a. Mu gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi ruwan sama, sannan ya kalli bango ya ce, "Aikin naki yana tafiya dai ko?" Na gane abin da yake so tun zuwan farko. Bidiyon 'yarsa yake son gani, kunya kuma ba za ta bar shi ya tambaya ba. Tausayinsa ya kama ni, ga shi bidiyon da na ɗauka ya maƙale a cikin tsohuwa.

Na durƙusa na faɗa masa gaskiya. Abu biyu kwamfutar take buƙata: ƙarin memori, wato filin da take baje aiki, da katin girafik, wanda ke ɗaukar nauyin hoto.

"Ai kuwa gobe ina da shiga Kano," in ji shi. Na san ba shi da wata shiga Kano.

Na yi masa bayani dalla-dalla. Memorin guda biyu, kamfani ɗaya, girma ɗaya, gudu ɗaya, kada ya bari su haɗa masa gambiza.

"Kamar shanun huɗa ke nan. In ɗaya ya fi ɗaya sauri, kunya ta karkace."

"Haka ne, Kawu."

Kati kuma na faɗa masa kamfanin da abokan sana'ata suka ce ba ya zafi, ba ya kuma shan wuta kamar wasu. Na nanata masa cewa ƙarami nake so, mai fanka ɗaya. Da na miƙo kuɗi ya harare ni, na mayar da su cikin jaka.

Washegari da la'asar ya dawo yana murmushi. Memori dai tubarkalla, tagwaye sak. Sai ya kwance wani kwali daga bayan babur, mai tsawon ƙotar fartanya, ya ajiye a gabana.

"Sun nuna min wanda kika ce, ɗan tsurut da shi. Kamfanin dai shi ne, ban canza ba. Amma 'yar nan, wa zai je kasuwa ya ja ramammen rago ga ƙosasshe a gefensa? Wannan fankarsa uku. Na ɗaga na ji nauyinsa da hannuna."

Na durƙusa na yi godiya, na ce Allah ya ƙara girma. Yana fita na ɗauko sukundireba. Memori suka shige lafiya lau. Katin Kawu kuwa, na juya shi hagu, na juya shi dama, na kwantar da akwatin, na yi bismilla na sake gwadawa. Ya fi akwatin tsawo da kamar faɗin tafin hannu. Maigidana ya leƙo ya yi dariya har da riƙe ƙofa.

"Ki kira shi ya mayar a canzo mana."

"In kira wan uwata in ce masa bai iya sayayya ba? Kai ka kira shi."

Ya ce shi masallaci zai tafi.

Ban mayar ba. Na kwashe kayan cikin kwamfutar kaf na jera a kan gado, na ɗauki akwatin fanko na hau adaidaita zuwa wurin mai walda a bakin kasuwa. Ya juya akwatin, ya kalle ni.

"Hajiya, murhu za a yi da shi?"

"Taga za ka buɗe min a nan gaba. Ka cire wannan ƙarfen na ciki."

"Ni dai ƙofa da gado na saba yi, amma tunda kin ce."

Ya yanka, ya goge bakin ya daina kaifi. Na dawo na mayar da komai, kati ya zauna daram, jelarsa ta leƙo waje ta tagar. Allah ya taimake ni na'urar da ke ba kwamfutar wuta, wadda na canza bara, ta iya ɗaukarsa. Na kunna. Hannun amaryar da ya daɗe a sama ya sauko, ta juya, ta yi dariya. Na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki. Kafin Juma'a na gama tacewa, na kuma samo ƙyalle mai fure na lulluɓe ɓarnar.

Kawu ya zo, ya ce yana son ya ga katinsa yana aiki. Na shigar da shi ɗakin ina addu'a. Bai ko zauna ba ya ɗage ƙyallen. Ya daɗe yana kallon tagar da jelar katin, sannan ya fashe da dariya har hularsa ta goce.

"Bai shiga ba ashe! Shi ne kika yi shiru?"

"Ya shiga mana, Kawu. Ga shi a ciki."

"Kin yi daidai. Lokacin da aka kawo gadon matata ƙofar ɗaki ta yi masa kaɗan. Ba wanda ya ce a rage gado, bango muka fasa."

Ya jawo kujera kusa da akwatin, ya ce bari ya ga yadda fankokin ke juyawa in ana aiki. Na ce ai sai an saka bidiyo suke tashi, kuma wanda ke kusa na bikin nan ne. Ya ce ko wanne ne, shi ba ruwansa. Na kunna, na ɗan karkato allon wajensa, na koma bakin ƙofa ina tsince shinkafar da na riga na tsince.

Ga 'yar tasa nan cikin ƙawayenta, lulluɓe da mayafi, gwaggonta tana fesa mata turare, tana ɓoye fuska tana dariya. Ga ta kuma ana fito da ita, ta tsaya a ƙofar turakarsa da ke rufe, ta durƙusa ta yi sallama da ƙofar. Fuskar Kawu na wajen katin, idonsa na kan allo. Na ga ya ɗaga bakin babbar riga ya share ido.

"Fankar nan da iska take," in ji shi.

"Sosai, Kawu. Uku ce ai."

Bidiyo ya ƙare, allo ya yi baƙi. Bai tashi ba. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Mayar da shi farko, 'yar nan. Ban gama duba katin ba."