Furar Malam Buba

Har yau ban manta da ranar da muka sha fura a fadamar Lambara ba. A ƙarshen mulkin Turawa ne, ina hediman leburori kuma tafinta a sashen binciken ma'adinai. Aka haɗa ni da wani Bature masanin haɗa ƙarafa. Ya ce wutar atam tana cin ƙarfe ta ciki, kamar yadda gara ke cin azara, shi kuma yana neman wani baƙin yashi da za a gauraya don ƙarfen ya jure. Yana yawo da wani akwati mai yin ƙas-ƙas idan ya kusanci irin ƙasar da ake nema. Doka kuwa ita ce, duk inda ya yi kuka, a kafa turaku a haƙa.

Tun daga Bodinga muke tafe akwatin bai ce uffan ba, mu kuma ƙafa ta kumbura, kowa ya ƙosa. Da rana tsaka muka ratsa gefen gonar albasar wani dattijo, Malam Buba. Ya tare mu, ya rantse baƙo ba zai wuce shi cikin wannan rana bai jiƙa maƙoshi ba. Ba ta cikin gonarsa hanyarmu ta bi ba, shi ya ja mu har rumfarsa. Bature ya ajiye akwatin bai kashe ba. Muna cikin shan fura sai akwatin ya kama kuka.

Na roƙi Bature a bari a cire albasar tukuna. Ya ce jirgi ba ya jiran albasa. Muka haƙe gonar rami-rami, abincin shekarar gidan mutumin ke nan, aka aika da ƙasar da muka haƙo zuwa Ingila.

Bayan damina amsa ta zo: yashin bai kai a wahala a kansa ba. Ni aka tura Lambara in cire turakun, kunya kamar in nutse.

Na tarar da Malam Buba a ƙofar gidansa. Ya ce, "Ɗana, ƙarhen da kuka nema, an samu?"

Na ce, "Ba a samu ba, Baba."

Ya jinjina kai, ya leƙa cikin gida ya ce a damo mini fura.

Ku da kuka shigo aikin ma'adinan nan yanzu, ku ji: mun iya auna abin da ƙarfe zai jure, na mai gona kuwa ba wanda ya taɓa sa mu mu auna. Furar nan na sha ta, amma da kyar ta wuce.